Ruwan Zartsi

"Gishiri?! Gishiri kake zuba ma ruwan sha, a shekara irin wagga?!"

Muryar Baba ta cika ɗakin har sai da ludayin da ke hannuna ya faɗi. Ina durƙushe gaban wani akwatin gilashi mai tsawon ƙyauren ɗaki, Gidiyon na tsaye da buhu a hannu, yana zazzaga farin gishiri cikin ruwan da ya fi kowane ruwa haske a duk faɗin Korgom.

"Baba Bulus, sannunku da zuwa... ku zamna in yi maku bayani."

"Bayanin mi? Mata na wuni bakin rijiya don guga guda na laka, kai ka ɗauko ruwa tano biyu, manyan ganguna, daga Tasawa ka kashe su da gishiri!" Ya juyo kaina. "Ke kuma, Dabora, har da ke?"

Na sunkuyar da kai. Amma ban tashi daga gefen Gidiyon ba.

Bazarar 1985 ce. Damina ta yaudare mu, rumbuna sun koma wayam, sojoji ne ke raba jar dawar taimako da tiya a ƙofar mai gari. Gidiyon kuwa maraya ne, ba gona ba garke. Tun lokacin wancan babban fari na farko ya bar garin yana ɗan saurayi, ya yi shekara goma a Kwatano, a wani otel na bakin teku, aikinsa kula da akwatin kifayen mai otel ɗin. Ya zo Kirsimeti ya gan ni ina waƙa a majami'a, daga nan wasiƙu suka fara. A ɗaya daga ciki ya rubuta mini cewa murjanin da ake saka wa amare a wuya, a cikin teku yake tsira, yana da rai, yana buɗewa yana rufewa, kuma shi ba na wuya zai kawo mini ba, mai rai zai kawo.

Don doki na nuna wa Larai wasiƙar. Larai ɗiyar baffana ce, tare muka tashi, kuma a lokacin ban san ta riga ni sonsa ba. Kafin Lahadi ta zagayo, gari duka ya ji, har an laƙaba masa Mai Teku.

Baba dattijon majami'a ne, ba ya magana biyu. Ya nuna Gidiyon da sandarsa.

"Ni ban ba da ɗiyata ga mahaukaci ko maƙaryaci, kai kuwa ban san wane ne kai cikin biyun ba. Ka ce sana'arka ke nan? Tau! Kawo kihin. Kawo murjanin mai numfashi. In sun yi kwana bakwai da rai gaban idona, da kaina zan kai maganar aurenku ga fasto. In sun mutu, kada in sake ganin takalminka ƙohwar gidana!"

"Na amsa, Baba," in ji Gidiyon, ko ɗar bai yi ba.

Ni ce na yi ɗar ɗin a madadinsa.

A ɗakin marigayiya innarsa ya kafa akwatin, ɗakin ƙasa mai kaurin bango, don ya ce zafi ne babban abokin gaba. Kullum da hantsi nakan leƙa, Larai na biye da ni don kada a yi mana surutu. Shi kuwa in ya fara bayanin kayansa, sai ka rantse zancen 'ya'yansa yake.

"Taɓa gilashin ga, Dabo. Kin ji kauri? Na ƙi mai rahusa, don ruwa na da nauyi. Wanga pampo ne, shi ka motsa ruwa, teku ba ta kwantawa. Wanga kuma matata ce, dakakken ƙwanson wuri ne a ciki. Batir biyu, in guda ya mutu Sanda direba ya caza mani shi ran kasuwa."

"Gishirin fa? Na Bilma bai yi?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Na Bilma na miya ne, zuciyata! Wanga daga jirgin ruwa anka sauke shi. Ba ni da wani buhun in wanga ya ƙare."

Ya jera fararen duwatsu masu ramuka a ƙasa. Sannan ya warware wani ƙyalle a hankali, ya fito da siririyar kwalba mai kan tsinke, da ɗan koren zane a wuyanta. Ya sake ta cikin ruwa, ta yi lilo, ta tsaya daidai kan zanen.

"Voilà! Ma'aunin gishiri ke nan. In ta tsaya nan, teku ce. In ta hau ko ta nutse, guba ce."

"Tau ina kihin?" in ji Larai tana taɓe baki.

"Sai ruwan ya nuna. Sati shidda."

"Ruwa ya nuna? Sai ka ce mangwaro!"

Mun yi dariya mu duka uku. Ranar na yi farin ciki irin wanda ban sake yi ba.

Da ya rage sati uku ya shirya tafiya ɗauko kifin. Iyakar Najeriya a rufe take, dole ya zagaya ta Dosso da Gaya. Ya gangaro da tano na uku, cike da ruwan pampon Tasawa, ya ajiye bayan ƙofa. Ya ɗauki gawayi ya ja layi a jikin gilashi, daidai bakin ruwa.

"Ki saurare ni da kyau, Dabo. Kullum zahi zai sha ruwan, ya sauka ƙasa da layin ga. Ki cika shi daga tanon nan. Ruwa ka tashi sama, gishiri ba ya tashi, shina nan ciki. Don haka ruwan daɗi kaɗai za ki ƙara. Kaɗai!"

"Na ji, Yaya Gidiyon."

"Maimaita mani."

"Ruwan daɗi kaɗai... Haba, sai ka ce 'yar makarantar lakwal!"

Ya sa mini makulli a tafin hannu, ya naɗe yatsuna a kai. "Aurenmu na bar maki, ba ruwa ba."

Larai na jingine da ƙofa, duk a kunnenta aka yi.

Kwana biyar komai lafiya. A na shida da azahar, ina cikin cika layin sai na ji sallama a ƙofar gida. Wata Bafulatana ce, doguwa, leɓɓanta sun tsage, da jariri a goye wanda kukansa ma ba ya fita. Altiné sunanta. Daga arewacin Mayahi suka gangaro, shanunsu sun zube a hanya, saura uku.

"Ruwa, 'yar'uwa. Ba don ni ba."

A garinmu ba a hana mai ƙishirwa ruwa a ƙofar gida. Ba a tambayarsa addininsa, ba a tambayar daga ina. Haka na ga Inna na yi, haka kakata ta yi ko a shekarun da suka fi wannan muni. Kuma ga tano cike a bayana, idonta na kai. Na ɗebo ƙwarya guda na ba ta.

Washegari ta dawo da mata biyu. A rana ta uku suka zama bakwai, har da na cikin gari, waɗanda rijiya ta ba laka. Kowace da yaro a hannu. Wa zan kora? Wace zan duba in ce mata ruwan na kifin da ba a kawo ba ne? Kullum sai in ce yau ce ta ƙarshe, kullum sai in buɗe. Kwana tara, na leƙa tanon na ga tsatsar gindinsa.

Na koma ba akwatin rabona na sha, kofi biyu a wuni, amma me kofi biyu zai yi? Ruwan ya sauka yatsa ɗaya, ya sauka uku, ya sauka faɗin tafi. Bakin pampon ya fara shaƙar iska yana kakari. Na zauna a ƙasa na fashe da kuka.

A haka Larai ta same ni.

"Ke dai kin cika sa ma kanki wahala," ta ce, tana shafa mini baya. "Ga rijiyar zartsi can bayan gari, ko jaki bai shan ta, ruwa har ya yi yawa."

"Ya ce ruwan daɗi kaɗai."

"Don bai tuna da ita ba ne! Mi ke cikin akwatin? Ruwan gishiri. Mi ke cikin rijiyar? Ruwan gishiri. Ai gida guda ne. Ko so kike ya dawo ya tarar kin rabar da aurenku ga Hilani?"

Na san abin da ya gaya mini. Ba zan ce ban sani ba, har maimaitawa na yi. Amma tsoro ya fi ƙarfina, kuma maganarta ta yi kama da hankali. Ita da kanta ta taya ni ɗauka, tulu shida muka juye. Ruwan ya yi fari kamar an wanke tuwo a ciki, kwana biyu ina addu'a, a na uku matatar ta share shi ya koma garau. Na ce Allah ya rufa mini asiri. Daga nan kullum da zartsi nake cika layin.

Ran Talata da hantsi motar Sanda ta tsaya, aka hau ihu: "Mai Teku ya dawo!"

Da ƙyar na gane shi. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Yana rungume da wani bido, jarka mai faɗin baki, an naɗe shi da jiƙaƙƙen buhu, da siririn tiyo a ciki haɗe da pampon keke. Kwana biyar, a jirgin ƙasa da kan kamiyo, babbar motar kaya, da hannu yake hura wa kifin iska. Tafukansa duk sun sale. A kowane shinge sai sojoji sun sa ya buɗe, wani ma har ya so ya zura bakin bindiga ya motsa.

Gari ya biyo shi har gida. Baba ya shigo da dattawa biyu, sauran suka cika ƙofa da taga.

Ya buɗe bidon. Kifaye biyu ne 'yan ƙanana, masu launin ruwan lemu da fararen ɗamara, suna ta kaɗa jela. A ƙasa ga wani dunƙulen dutse, a kansa wasu 'yan yatsu jajaye masu laushi suna lilo. Na kai yatsa kusa, suka tsuke. Na janye, suka buɗe.

"Ikon Allah!" in ji wani dattijo. Na ga Baba ma ya matso.

"Ga murjaninki, masoyiyata," Gidiyon ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

Ya dubi layin gawayi, ya ga ruwa daidai, ya yi murmushi. Ya ɗauko ƙyallen nan ya fara warwarewa. Zuciyata ta tsaya.

"Yi sauri, yaro, muna da abin yi," in ji Baba.

Gidiyon ya dakata da ma'aunin a hannu, ya dube ni.

"Dabo, ruwan daɗi kaɗai kinka zuba?"

Idon Baba na kaina. Idon gari duka na kaina. Larai na bakin taga tana kallon ƙasa. Kalma biyu ce kawai, in ce "auna tukuna". Na buɗe baki.

"Eh."

"Bon. Ba sai na auna ba." Ya mayar da ma'aunin cikin ƙyalle ya naɗe.

Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Kofi-kofi ya riƙa ɗibar ruwan akwatin yana ƙara wa bidon don su saba, sannan ya sake su. Suka zagaya duwatsu, yara na tafi, mata na guɗa. Ni kuwa ina roƙon Allah a zuci ya yi abin al'ajabi, ko don hannuwan nan da suka sale.

Murjanin ne ya fara. Ya tsuke, bai sake buɗewa ba, wani farin yauƙi ya fara fita daga jikinsa. Da azahar kifayen suka hau sama suna haki. Gidiyon ya duba pampo, ya canja batir, ya taɓa gilashi ya ji ko zafi ne. Komai ya duba, ban da abin da na ce masa eh a kai. Kafin la'asar ƙaramin ya kife. Babban ya ƙara ɗan lokaci, shi ma ya bi.

Baba ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa.

"Kwana bakwai na ce. Ko wuni ba su yi ba."

"Gaskiya ne, Baba."

"Kana da abin cewa?"

Gidiyon ya dubi ruwan. "Babu. Laihina ne."

Aka watse ana dariya ƙasa-ƙasa. Inna ta ja hannuna muka fita, ni kuwa na bi ta kamar tunkiya.

Washegari da sassafe na koma. Ƙofa a buɗe, jakarsa a ɗaure. Yana zaune a ƙasa gaban akwatin, ma'aunin na cikin ruwa. Ya taso sama ƙwarai, koren zanen na can a iska.

"Zartsi ne ko?" ya ce, bai juyo ba. "Na ɗanɗana. Akwai kanwa."

Na zube a gabansa. Na gaya masa komai, Altiné da jaririnta, matan gari, tanon da ya ƙare, tulu shida. Ban ambaci Larai ba, don hannuna ne ya zuba.

"Jaririn ya rayu?"

"Ya rayu..."

"Tau madalla. Da ni ne nan, da ni ma na ba ta. Da ruwan akwatin na shayuwa, da har shi na ba ta."

"Tau ka yahe mani, don Allah! Tsoro na ji!"

"Dabora." Tunda muke bai taɓa kiran sunana cikakke ba. "Da kin ce mani a'a, da na bar su cikin bido. In sa Sanda ya ɗauko ruwa, in zubar da rabi, in gyara. Kwana biyu ne. Na hura masu iska kwana biyar, biyu za su gagare ni? Ma'aunin na hannuna. Na aje shi don ke kinka yi magana."

Ya ɗauki jakarsa. Na riƙe ƙafarsa, ya cire hannuna a hankali, yatsa bayan yatsa, ya fita.

Da gudu na isa gida. Baba na zaune kan tabarma da Littafi a buɗe, Larai na shara a tsakar gida. Na durƙusa na faɗi duka da ƙarfi, yadda maƙwabta ma za su ji.

"Ba maƙaryaci ba ne, Baba! Ni ce! Ni na kashe su, ya sani, kuma ya ɗauki laihin gaban jama'a don kada a zage ni!"

Tsintsiya ta faɗi daga hannun Larai, ta shige ɗaki. Baba ya dube ni har na ƙosa. Ya rufe Littafin, ya tashi, ya ɗaura wa jaki amalanke da kansa.

"Hau."

Motar Sanda ta riga ta tafi da shi. Wuni muka yi a hanya cikin rana, muna wuce ƙasusuwan shanu. Da la'asar muka shiga tashar Tasawa. Kamiyon Maraɗi na shirin tashi, Gidiyon na zaune a sama kan buhuna.

Baba, wanda ban taɓa ganin ya roƙi ɗan'adam ba, ya tsaya a gindin motar ya cire hularsa.

"Ɗana, sauko. Na zalunce ka. Na ga murjanin da idona, shina numfashi. Na janye sharaɗi, ga Dabora na ba ka."

Gidiyon ya diro, ya durƙusa, ya karɓi hular ya mayar wa Baba a kai.

"Kun gama mani komi, Baba. Allah shi saka."

Sai ya juyo gare ni. Na ga hawaye a idonsa, na ɗauka na samu.

"Mu koma gida, Yaya Gidiyon... zan ɗauko ruwa da kaina daga nan har Korgom, ko sawu ɗari ne. Don Allah!"

"Na yahe maki, Dabo. Tun kahin ki roƙa."

"Tau mu tahi!"

"Jiya na gwada. Na ce in mun yi aure, in dawo daga aiki in tambaye ki wani abu, ki ce eh... sai na ji zuciyata ta ce, auna tukuna." Ya share ido da bayan hannu. "Ina son ki da yawa. Ban iya zama mijin da ka auna maganar matarshi. Zan wahal da ke, in wahal da kaina."

"Sau guda ne! Sau guda kaɗai na yi maka ƙarya!"

"Na sani. Ni ma sau guda na tambaya."

Direba ya danna oda. Gidiyon ya kama igiya ya hau, da hannuwan nan da ba su warke ba. Ya zauna yana fuskantar gaba. Na bi motar da gudu ina kiransa har ɗankwalina ya faɗi, wani jandarma ya tare ni a bakin shinge. Bai waiwayo ba. Na san dalili, don na ga kafaɗunsa na girgiza.

Baba ne ya tsinto ɗankwalin ya kawo mini. Muka zauna a kan amalanke a inuwar wani itacen bedi, jaki na haki. Ya tsufa a wunin nan fiye da yadda farin ya tsufar da shi.

"Ɗiyata," ya ce can, ba ya kallona. "Ni na tara maki jama'a. Ni na ce a yi sauri. Da ba na wurin... da ku biyu ne kaɗai cikin ɗakin... da kin hwaɗa mashi gaskiya?"

Eh ɗin na bakin harshena. Da na faɗe shi, Baba zai ɗauki kayan duka ya ɗora wa kansa, ya sauke mini, kuma na ga a shirye yake. Na tuna fuskar Gidiyon lokacin da ya dubi layin gawayin ya yi murmushi, na tambayi kaina ko da zan iya goge murmushin nan da bakina, ko da ba kowa.

"Ban sani ba, Baba," na ce. "Wallahi ban sani ba."

Ya gyaɗa kai. Ya jawo kaina ya kwantar a kafaɗarsa, a tsakiyar tasha, gaban mutane, na yi kuka har muryata ta dushe.